Daga Sabiyal Zuwa Bakin Gulbi: Hanyar Aliero da Jega da Maiyama a Matsayin Taskar Tarihi da Harshe

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. To amma ba kowace tafiya ce take buɗe ilmi ba. Fataken dauri da suke tashi daga Kano ko Sakkwato su nufi Gwanja da jakuna da takarkarai sukan yi watanni bisa hanya, saboda haka babu zango ko mashigi ko kasuwar da ba su san sunanta da labarinta ba. Matafiyin yau kuwa yakan karya kumallo a Sakkwato, ya yi azahar a Yawuri, in aka tambaye shi abin da ya gani a tsakani ba zai ambaci kome ba sai kwalta da gidajen mai.

Manufar wannan maƙala ita ce bin wani ɗan yanki na wannan hanya sannu a hankali, watau yankin ƙananan hukumomin Aliero da Jega da Maiyama na Jihar Kabi, tare da bayyana abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji a kowane zango. A ƙasashen da suke da teku, mutane kan ɗauki mota su bi gaɓa don kallon ƙasa da ziyartar kufan magabata. Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da gaɓa, domin kuwa gulabenta su ne suka tsara inda aka kafa birane, da inda aka ci kasuwa, da inda aka gwabza yaƙi. Za a nuna cewa wannan hanya tana ɗauke da shaidu iri uku: shimfiɗar ƙasa, da kufai, da kuma harshe. Dukkan ukun suna cikin haɗarin salwanta.

2.0 Shimfiɗar Ƙasa

An ƙirƙiro Jihar Kabi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, da masarautu huɗu: Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Yankin da ake magana a kai yana cikin masarautar Gwandu. Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal, shi ne ya ratsa Aliero, ya ƙetare Gulbin Zamfara a Jega, ya wuce Maiyama da Koko, ya sauka Yalwa ta Yawuri a bakin Kwara, daga nan ya miƙe Kwantagora da Jebba har Legas.

Abin da zai fara jan hankalin matafiyi shi ne tsaunuka masu shafaffen kai, kamar an sa wuƙa an yanke su tsayi ɗaya, kowanne da hular jan dutse na marmara. Masana ilmin ƙasa sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya malalo ta cikin Sahara ya rufe babban kwarin Sakkwato. Shaidarsa ita ce farin dutsen da ake haƙa a kusa da Sakkwato don yin siminti, da kuma ƙasusuwan kifaye da kadoji da ake tsinta a wajen Dange da Wurno. Bayan janyewar ruwan ne yashi da laka suka taru bisa kwarin, kuma masanan suka laƙaba wa wannan shimfiɗa ta sama sunan Gwandu. Ita ce take riƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin yankin suke sha. Ashe ke nan wanda ya bi wannan hanya yana tafiya ne a kan tsohuwar gaɓar teku.

Manomin yankin yana da nasa rabon ƙasa, wanda ya fi na taswira dalla-dalla. Akwai tudu da jigawa, inda ake shuka gero da dawa da wake. Akwai faƙo, watau ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shiga. Akwai fadama da laka, inda gulbi yake malala a watannin Agusta da Satumba, ya bar danshin da ake noman shinkafa da albasa da shi. Kowane kashi da itatuwansa: gawo da kuka da ɗorawa a gonakin tudu, sabara da geza da kalgo a saura, giginya da gumbi a bakin ruwa. Wanda ya zo da kaka zai iske ƙasa shar, gulbi cike. Wanda ya zo da ɗari kuwa zai iske tudu ya yi fari fat, hazo ya rufe tsaunuka, sai fadama kaɗai take kore kamar an shimfiɗa darduma.

3.0 Gwandu da Sabiyal

Ya fi dacewa a fara tafiyar daga Gwandu, domin daga can ne aka juya al'amuran yankin a tsawon ƙarni na 19. Gari ne da ke cikin kwari, tsaunuka sun kewaye shi. A nan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka sauka a 1805, bayan da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi a farkon shekarar. A ƙarshen wannan shekara aka yi musu mummunar ɓarna a Alwasa, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, kafin daga bisani a kore su. Da aka raba kula da daula a 1812, sai yamma ta faɗa hannun Abdullahi. Ya rasu a 1829, kuma hubbarensa yana nan a garin ana ziyara.

A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Gwandu. A nan ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di, ya kwafi sassansa, abin da ya buɗe wa Turai ƙofar sanin tarihin Sanwai. Wannan ya isa nuna irin taskar littattafan da garin ya mallaka. Bayan rikicin Satiru na 1906 ne fadar masarautar ta tabbata a Birnin Kabi, Gwandu ta koma garin ziyara da karatu.

Sabiyal ɗaya ce daga gundumomin nan uku na ƙaramar hukumar Aliero, sauran biyun su ne Aliero da Ɗanwarai. Ba a kan babban titi take ba, sai an ratse. Amfanin ratsewar shi ne a nan ake ganin ƙauyen Hausa na yamma a kan ainihinsa: gidajen ƙasa a cure wuri ɗaya, rumbunan laka, dangar kara, gonakin gero har bakin gari. Wannan curewa tana da dalili. Tun daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, har zuwan Turawa a 1902, ƙasar da ke tsakanin Gwandu da Argungu ba ta san kwanciyar hankali ba, in banda shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla wajen 1866. Har Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a fagen fama a 1860. A irin wannan zamani ba mai yin gida shi kaɗai a gona. Sunayen da ke maƙwabtaka da Sabiyal suna tuna wannan hali: Jiga Birni, watau Jigar da ke da ganuwa, da Jiga Maƙera, watau Jigar maƙera, masu narka tama su ƙera garma da mashi.

Shi kansa sunan garin abin nazari ne. Ana rubuta shi Sabiyal, ana kuma rubuta shi Sabiyel. A Fulatanci ɗafa-ƙeyar -al da ta -el duka alamomin ajin suna ne, ta biyun kuwa tana nuna ƙanƙanta, kamar yadda ake cewa leggal ga itace, leggel ga ɗan ƙaramin itace. Irin wannan ƙarshe ne ake ji a sunan Degel. Kamancin sauti kaɗai ba hujja ba ne a wajen manazarcin harshe, amma yana nuna inda ya kamata a fara tono, musamman a yankin da Hausawa da Fulani suka yi ƙarnoni suna cuɗanya.

4.0 Aliero: Albasa da Ɗori

Da an dawo kan titi, hanci ne yake fara shaida wa matafiyi cewa ya iso Aliero. Garin ya yi suna a duk Nijeriya da noman albasa da cinikinta. Ana yafa iri a fangali, in ya yi ƙwari a cire a dasa, a yi ta ban ruwa har a kai ga cira. Da can da jigo ake ɗebo ruwa, watau doguwar sanda mai nauyi a gindi da guga a kai. Tun daga farkon shekarun 1990, lokacin da aka fara shirin bunƙasa noman fadama na ƙasa, ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse suka maye gurbinsa. Babbar matsalar manomi ita ce ajiya, domin albasa ba ta jure zafi da danshi. Saboda haka ake yin rudu, watau ɗan dandamalin itace da kara wanda iska ke ratsawa ta ƙasa, a rufe shi da ciyawa, a jira lokacin da kaya za su yi daraja. Daga nan manyan motoci suke lodi zuwa kasuwannin kudu.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce. Masu binciken fataucin goro sun lissafa gabu, watau busasshen ganyen albasa, cikin kayan da ayarin Hausawa ke kai wa Gwanja a ƙarni na 19. Abin da mota take yi yau, jaki ya riga ya yi shi. Ba banza ba kuma albasa ta shiga karin magana, inda ake cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, ga ɗan da bai gaji halin iyayensa ba.

Abu na biyu da aka san Aliero da shi shi ne ɗori. Sana'a ce ta gado, kuma ana kawo masu karaya daga nesa. Maɗori yana da kalmominsa: yana bambanta karaya da tsagewa, da gocewar ƙashi, da targaɗe. Yana jan gaɓa ya daidaita ta, ya jera karare ko tsinkaye ya ɗaure, ya haɗa da tofi da shafe-shafe. Ko da yake likitocin asibiti suna gargaɗi game da ɗaurin da ya cika tsanani, wanda kan hana jini gudu, da kuma karayar da ta huda fata, har yanzu jama'a ba su daina zuwa ba. Ga manazarcin al'ada, gidan maɗori makaranta ce ta sunayen gaɓoɓin jiki da na tsirrai waɗanda da yawansu ba su shiga ƙamus ba. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin, saboda haka ilmin gado da na zamani suna zaune ƙofa da ƙofa.

5.0 Jega da Kufanta

5.1 Gimbana

A nan ne tafiyar ta fi nauyi. A kusa da Jega, a kwarin Gulbin Zamfara, Gimbana take. Malam Abdussalami, Ba'are ne daga cikin manyan almajiran Shehu, shi ne ya ƙaura da jama'arsa zuwa wannan wuri a ƙarshen ƙarni na 18, don guje wa tsananin da sarakunan Gobir suka sa wa masu bin Shehu. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa garin, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, sai jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Wannan ne ya kawo ƙarshen zaman lallami tsakanin Alkalawa da Degel. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Ke nan wutar da ta canza fuskar ƙasar Hausa baki ɗaya, a bakin wannan gulbi aka ƙyasta ta.

Labarin Abdussalami bai ƙare da daɗi ba. Bayan nasara an zaunar da shi a Kware, kusa da Sakkwato. Yana ganin ba a ba shi rabon da ya dace da wahalarsa ba, kuma yana sukar wasu abubuwan da yake gani a hannun masu iko. Da Shehu ya rasu a 1817, sai saɓani ya fito fili tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. An yi ta musayar wasiƙu, daga baya aka yi yaƙi, Kware ta faɗi a farkon 1818, shi kuma ya rasu a Bakura saboda raunin da ya samu. Bello ya tattara wasiƙun da bayanin abin da ya gudana a littafinsa Sard al-Kalam. Sauran magoya bayansa suka taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu, wadda ba ita ce ta kusa da Sakkwato ba. Yaƙin da aka yi da su a can wajen 1820 shi ne ya zama sanadin sulhu tsakanin Bello da baffansa Abdullahi, waɗanda suka yi 'yan shekaru ba sa ga maciji kan al'amarin gadon Shehu.

5.2 Kafuwar Jega

Daga cikin wannan toka Jega ta tsiro. Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka ba shi izinin zama kusa da tsohon mazaunin mahaifinsa, ya kafa garin wajen 1820 zuwa 1821. Sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega. Abin lura a nan shi ne yadda sarauta ɗaya, watau Sarkin Kabi, ta rabu gida-gida bayan jihadi: akwai na Argungu, wanda ya gaji gidan Kanta, akwai na Yabo, akwai na Jega. Kowanne laƙabi hujja ce ta wani da'awa a kan tsohuwar daular da Muhammadu Kanta ya kafa a Surame a farkon ƙarni na 16. Har wa yau sunayen shiyyoyin Jega, irin su Kokani da Magaji, sunayen sarautu ne. Ba da nisa ba kuma ga Kimba, inda Sarkin Kabi Muhammadu Hodi, wanda aka kora daga Birnin Kabi a 1805, ya ci gaba da turjiya har aka kashe shi a 1826.

5.3 Kasuwa da Mashigi

Cikin 'yan shekaru Jega ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin daular Sakkwato, kamar yadda binciken Mahdi Adamu na 1978 da na Paul Lovejoy na 1980 suka nuna. Dalilan bunƙasarta uku ne. Na farko, tana kan mashigin gulbi, kuma da damina jiragen ruwa suna iya gangarawa daga nan su shiga Gulbin Kabi, su faɗa Kwara. Wannan sashe na gulbin shi ne tsofaffin taswirori suke kira Gulbin Gindi, da sunan garin Gindi da ke ƙasar Jega. Na biyu, tana tsakiyar hanyoyin Sakkwato da Gwandu da Yawuri da Nufe. Na uku, yaƙin Kabawa ya sa kwarin Argungu ya zama wurin tsoro ga ayari, sai fatake suka riƙa zagayowa ta kudu.

A Jega ayari kan kimtsa kafin ya ƙetare Kwara ya ratsa Bargu zuwa Salaga. Ana fita da turkuɗi da saƙi da jar fata da kanwa da gabu da dabbobi, a komo da goro. Gishirin Foga yana shigowa daga yamma. Ba kuma za a ɓoye ba cewa bayi suna cikin hajar wannan kasuwa, har zuwa lokacin da aka hana cinikinsu a farkon ƙarni na 20. Wannan fatauci ya bar wa Hausa kalmomi masu yawa: madugu, shugaban ayari, jagaba, mai shige gaba, uban dawaki, mai kula da biyan kuɗin hanya, fatoma, mai saukar da baƙi, fito, kuɗin ƙetare ruwa, zango, wurin yada kaya. Kalmar zango ta yi tafiya har ta zama sunan unguwannin Hausawa a Gana da Togo da Binin. Yaƙin basasar Salaga na 1892, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da jigilar goro ta teku zuwa Legas, su suka karya wannan hanya. Jega ba ta mutu ba, amma ta koma kasuwar amfanin gona da dabbobi da kifi.

Wanda ya tsaya a gadar Jega da hantsi zai ga sauran rayuwar ruwa: masunta da homa da gora, masu jefa birgi, masu kafa mali, masu zuba mamari. Kifayen da ake kamawa sun haɗa da tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa da giwan ruwa. Wannan ita ce al'adar da ta haifi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro da ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934 don tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016.

6.0 Maiyama Zuwa Kwara

Daga Jega in aka ƙetare gulbi aka yi kudu, sai a shiga ƙasar Maiyama. A nan itatuwa suna ƙara yawa, kaɗanya tana fara bayyana, gonakin dawa suna rinjayar na gero. Yamma da titi ƙasa tana gangarawa zuwa fadamun shinkafa. Shinkafa ce ta sa aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015, ita ce kuma ambaliyar 2020 ta yi wa mummunar ɓarna. Gulbin da yake ciyarwa shi ne yake cinyewa. A wannan yanki ne kuma Fagada take, garin Muhammadu Gambu, makaɗin da aka sani da waƙar ɓarayi, wanda waƙoƙinsa suka zama abin nazari a jami'o'i saboda sunayen garuruwa da kasuwanni da zaurancen da ke cikinsu.

Wanda ya zarce ta Koko zai kai Yalwa, inda Kwara ta buɗe har ido ba ya iya kai wa ɗaya gaɓar a wasu wurare. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ita ta haifar da wannan tafki. Ta nutsar da tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta kuma tashi dubban mazauna tsibirai, waɗanda Hausawa ke kira Gungawa, daga kalmar gungu. Wannan darasi ne babba: wuri yana iya ɓacewa cikin shekara ɗaya, ba abin da zai saura sai sunansa.

7.0 Harshen Hanya

7.1 Sunayen Wurare

In aka tattara sunayen garuruwan waɗannan ƙananan hukumomi uku, za a ga sun kasu kamar haka:

(a) Masu nuna yanayin ƙasa: Jandutsi, Dogondaji.
(b) Masu nuna tsirrai da namun daji: Rafin Ɓauna, Gumbin Kure, Kuka Kogo, Giwa Tazo.
(c) Masu nuna sana'a ko matsayi: Jiga Maƙera, Birnin Malam.
(d) Masu nuna fata na alheri: Nasarawa.
(e) Waɗanda Hausar yau ba ta fassara su kai tsaye: Jega, Kimba, Mungadi, Andarai, Liba.

Kashi na (b) ya fi kowanne ban tausayi. Ba ɓauna a Rafin Ɓauna yau, ba giwa a ƙasar Maiyama, amma sunayen sun riƙe shaidar dajin da gatari da garma suka cinye. Kashi na (e) kuwa shi ne ya fi bukatar bincike, domin a irinsa ake samun tsofaffin kalmomin da suka faɗi daga baki, da kuma sawun harsunan maƙwabta kamar Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci da Kyanganci.

7.2 Karin Harshen Yamma

Hausar wannan yanki tana cikin karin yamma, tare da Sakkwatanci da Kabanci. Ga kaɗan daga siffofinta, an gwama su da Daidaitacciyar Hausa:

sabka : sauka
zamna : zauna
amre : aure
halshe : harshe
biyat : biyar
hwari : fari
ɗiya : 'ya'ya
gidanai : gidansa
munka zo : muka zo
yat tahi : ya tafi

A jimla kuma, inda Bakano zai ce "Motar da muka hau ta Jega ce", mutumin Aliero zai ce "Motad da munka hau ta Jega ta". Misalai uku na farko suna da muhimmanci ƙwarai. Tun a 1928 August Klingenheben ya nuna cewa baƙaƙen leɓe da ke ƙarshen gaɓa sun rikiɗe zuwa wasalin u a Hausar gabas, yamma kuwa ta riƙe su yadda suke. Watau abin da ɗalibi yake ɗauka kuskure ne a bakin kakarsa, shi ne tsohon siffar kalmar. Bugu da ƙari, da wannan kari ne malaman jihadi, irin su Abdullahi ɗan Fodiyo da Nana Asma'u, suka rubuta waƙoƙinsu na Hausa cikin ajami. Wanda bai san shi ba, ba zai iya warware ma'anarsu ko auna karinsu daidai ba.

8.0 Abin da ke Salwanta

Haɗarin da ke fuskantar wannan gado iri huɗu ne. Na farko, ganuwa da kufai ƙasa ce, ruwa yana zaizaye ta, manomi yana nome ta, magini yana ɗibar ta. Surame ta sami shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964, Argungu tana da gidan tarihin Kanta tun 1958, amma ƙananan wurare irin na kwarin Zamfara sun dogara ne ga tunanin tsofaffi kaɗai. Na biyu, rubutun sunaye a allunan hanya da takardun hukuma ba ya nuna ƙugiya: ana rubuta Bauna da Makera, ana rubuta Aliero da Aleiro, Yalwa da Yelwa. Yaron da ya tashi yana karanta allo zai bi allo, ma'anar sunan ta ɓace masa. Na uku, makaranta da rediyo da finafinai suna tura matasa zuwa Hausar gabas, har wasu suna jin kunyar karin gidansu. Na huɗu, rashin tsaro da ya taɓa wasu sassan jihar, kamar sace ɗalibai da aka yi a Birnin Yawuri a 2021, ya rage wa malamai ƙwarin guiwar fita da ɗalibai fagen bincike.

9.0 Kammalawa

An bi hanya daga Gwandu da Sabiyal, ta Aliero da Jega da Maiyama, har bakin Kwara. An ga cewa ɗan wannan yanki ya ƙunshi mafarin jihadi a Gimbana, da rikicin bayansa, da ɗaya daga manyan kasuwannin ƙarni na 19, da sana'o'in gado, da kuma karin harshe mai riƙe da tsofaffin siffofin Hausa.

Aikin da ke gaba ba ya bukatar dukiya mai yawa. Sassan Hausa da na tarihi a jami'o'in Sakkwato da Birnin Kabi suna iya raba gundumomin nan ga ɗaliban digiri na biyu, kowanne ya ɗauki ɗaya. A naɗi sunan kowane gari da unguwa da fadama da tafki daga bakin mazaunansa, a rubuta shi da ƙugiya da tsawon wasali da karin sauti. A auna kufai, a zana taswirarsu, a ɗauki hotonsu kafin wata damina. A zauna da masunta da maɗora da manoman albasa a tattara kalmomin sana'arsu. A kuma ajiye kwafin abin da aka samu a hannun hakimai da makarantun yankin, kada ya tsaya a kantar ɗakin karatu. Malamin sakandare da ke Jega ko Aliero ma yana iya farawa da ajinsa, domin Gimbana da Kimba ba su fi tafiyar yini ɗaya da dawowa ba. Tsofaffin da suka ji labarin ayari daga bakin waɗanda suka bi shi sun kusa ƙarewa, kuma Hausawa sun riga sun faɗa: zuwa da kai ya fi saƙo.